Dabba mai hannu takwas da zuciya uku: amsa ga wani malamin makaranta a Daura

"Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Daura. Ɗalibaina sun zo mini da wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, na wata halittar ruwa mai hannu takwas da ta rikiɗe ta koma kamar dutse, sannan ta sulale ta wani ɗan rami da bai fi bakin kwalba ba. Mai magana a bidiyon ya ce zuciyarta uku, ƙwaƙwalwarta tara, jininta shuɗi, kuma manyansu na kifar da jirgin ruwa. Wani yaro ya rantse aljanin ruwa ne, wani ya ce akwai irinta a dam ɗin Sabke, wani kuma ya tuno da wadda ta yi duba a gasar cin kofin duniya. Me zan gaya musu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nema shi ne a tankaɗe maka maganar, a ware tsaki daga gari: wanne ne halittar dabbar, wanne ne ƙarin gishirin mutane. Abin da yaran suka gani oktofus ne, Larabawa na ce masa ukhɗubuɗ. Hausa ba ta raɗa masa suna ba domin ba mu taɓa zama wuri ɗaya da shi ba. Wasu manhajojin fassara kan ba da "dorinar ruwa", to kada ka bari wannan ya shiga littafin ɗalibanka, dorina daban take, babu abin da ya haɗa su sai jiƙa.

Ɗan'uwan katantanwa ne

Oktofus ba kifi ba ne. A rabon dabbobi yana gida ɗaya da katantanwa, wato dodon koɗi, cikin masu taushin jiki marasa ƙashin baya. Reshensu ana kiransa sefalofod, daga kalmomin Girka biyu masu nufin kai da ƙafa, saboda hannuwansu daga kai suke fitowa, kewaye da baki. Akwai nau'i kusan 800 a raye, kusan 300 daga ciki oktofus ne. Sauran su ne sukwid mai dogon jiki kamar harsashi, da katilfish mai faɗi, waɗanda Larabawa ke haɗa su a sunan habbar, sai nautilus.

Idan ka jera huɗun nan za ka ga abin da ke warware yawancin mamakin. Nautilus yana da ɓawo a waje kamar katantanwa. Katilfish nasa ɓawon a cikin jiki yake, fari ne mara nauyi kamar alli, shi ne wanda masu kiwon tsuntsun keji ke rataya wa tsuntsaye su tsattsaga. Sukwid kuwa saura ɗan siririn abu kamar gashin tsuntsu na roba a bayansa. Oktofus kusan babu komai. Nama ne zalla, mai ɗimbin amfani ga duk wani mai haƙori a teku, ba garkuwa ba ƙaya. Dabbar da ke haka dole ta rayu da ɓuya da wayo da gudu, kuma kusan duk abin da ya ba yaranka tsoro a bidiyon kayan aikin ɓuya ne.

Abu mai tauri guda ɗaya a jikinsa shi ne baki, mai kama da na aku, yana ɓoye a tsakiyar hannuwa. Duk ramin da bakin nan zai wuce, sauran jiki zai bi. Sulalewa ta bakin kwalba ke nan, ba rufa-ido a ciki.

Maganar Sabke kuma ka kwantar wa yaron da hankali. Babu sefalofod ko ɗaya da ke rayuwa a ruwan daɗi, ba a Sabke ba, ba a Zobe ko Ajiwa ko Jibiya ba, ba ma a kogin Kwara ba. Ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kuma ruwan jikin oktofus kusan daidai yake da wannan. Ka saka shi a dam, ruwa zai rinƙa kutsawa cikin jikinsa gishiri na tsiyayewa, ya kumbura ya mutu. Tarwaɗa da karfasa suna da ƙoda mai zubar da rarar ruwa da hanyar riƙe gishiri, shi kuwa ba shi da wannan tanadi.

Zuciya uku, jini shuɗi, da ƙwaƙwalwar da aka ce tara

Biyun farko gaskiya ne tsantsa. Jan jininmu daga sinadarin ƙarfe yake, wanda ke cikin hemogulobin. Oktofus nasa abin ɗaukar oksijin hemosayanin ne, mai ɗauke da jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki. Idan ya kama oksijin sai ya yi shuɗi-shuɗi, idan ya saki ya koma kusan ba launi. Wannan jinin ba ya ɗaukar oksijin da yawa kamar namu, don haka sai an tura shi da ƙarfi. Shi ya sa aka yi rabon aiki: ƙananan zukata biyu, kowace a gindin sashen numfashi ɗaya, suna tura jini ya je ya ɗebo oksijin, ta ukun ta karɓa ta watsa wa jiki. Wani abin lura, idan oktofus ya yi gudun tsira, wato ya cika jakar jikinsa da ruwa ya fesar ta bututun da ke ƙarƙashin kansa kamar an saki balan-balan, babbar zuciyar kan tsaya cak na ɗan lokaci. Nan da nan yake galabaita. Dalilin da ya sa ya fi son rarrafe ke nan.

Ƙwaƙwalwa tara kuwa an zuzuta. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce, tana tsakanin idanu, kuma maƙogwaro ta tsakiyarta ya ratsa, abin da ya sa dole ya daddatsa abinci ƙanana kafin ya haɗiye. Inda maganar ta samo asali shi ne nan: oktofus na gama-gari yana da ƙwayoyin jijiyar saƙo kimanin miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku a hannuwa suke. Kowane hannu na da igiyar jijiya tasa mai iya yanke ƙananan hukunci ba tare da ta jira umarni daga sama ba. Ka kwatanta wa yara da sarauta, sun fi ganewa: sarki ɗaya ne, amma hakimi ba ya zuwa fada don rikicin iyakar gona. Hannun da aka yanke yakan ci gaba da motsi har ya kama abu na wani lokaci, kuma dabbar kan tsiro da wani a madadinsa.

A kowane hannu akwai ƙoƙunan tsotsa a jere, a manyan nau'i sun haura 200. Aikinsu irin na ƙahon wanzami ne. Baki ya manne da fata, tsoka ta buɗa cikin ƙoƙon, matsi ya ragu, abu ya kamu. Bambancin shi ne kowane ƙoƙo yana ɗanɗano. Oktofus kan zura hannu a ramin da bai gani ba, ya san ko ƙaguwa ce a ciki ko dutse tun kafin ya jawo.

Rikiɗa

Nan ne ya kamata ka daɗe da yara, don nan aka fi jingina masa aljanci. A fatarsa akwai dubban ƙananan jakunkuna na rini, rawaya da ja da ruwan ƙasa mai duhu. Kowace jaka an kewaye ta da zaren tsoka kamar wayoyin ƙafar keke. Tsoka ta ja, jaka ta baje, launi ya bayyana. Ta saki, jaka ta tsuke ta koma ɗigon da ido ba ya gani. Jijiya ce kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ke ba da umarnin, don haka sauyin ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Ƙarƙashin jakunkunan akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke ba da kore da shuɗi da ƙyalli, ƙarƙashinsa kuma akwai mai ba da fari. Sannan fatar kanta tana da tsokar da ke tayar da ƙuraje da tsini, ta mayar da santsi ya zama kaushin dutse. Da Bahaushe ya san wannan dabba, da hawainiya ba ta samu shiga karin magana ba.

Ga inda ilmi bai kai ƙarshe ba tukuna. Gwaje-gwaje sun nuna yawancinsu ba sa bambance launi, nau'in mai kama haske ɗaya ne kacal a idonsu, mu kuwa uku gare mu. Yadda dabbar da ba ta ganin launi ke dacewa da launin inda ta kwanta, har yanzu masana na jayayya a kai. Ka faɗa wa ɗalibai haka ƙarara, yana da kyau su ji cewa akwai sauran aiki.

Idan ɓuya ta ƙi, sai tawada. Akwai wata jaka kusa da hanji mai tara baƙin ruwa na melanin, sinadarin da ya ba mu baƙin fata da gashi. Yakan gauraya shi da majina ya fesa, wani lokaci ya baje kamar hayaƙi, wani lokaci ya tsaya dunƙule daidai girmansa, maƙiyi ya kai wa dunƙulen cafka shi kuwa ya yi fari fat ya bi ta gefe. Mutanen Rum da Turawan da suka biyo bayansu sun yi rubutu da zane da tawadar katilfish, kamar yadda almajiri ke haɗa tasa da gawayi da ƙaro.

Wayo kuwa akwai shi. Ana koya masa buɗe murfin kwalba ya ɗauki abinci. A 2009 masu bincike sun ba da rahoton wani nau'i a tekun Indunusiya da ke ɗaukar ɓawon kwakwa yana yawo da shi, idan ya ga haɗari ya shige ya rufe. Amma duk wayon nan ba ya gadonsa daga koyarwar iyaye, saboda ba ya tarar da su. Na gama-gari shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Namiji na miƙa wa mace iri ta hannunsa na uku na dama, ba da jimawa ba ya mutu. Mace ta rataye ƙwai sama da 100,000 a rufin raminta, ta daina ci, tana goge su tana hura musu ruwa har su ƙyanƙyashe, sannan ta mutu. A 1977 wani masani, Jerome Wodinsky, ya nuna cewa idan aka cire wasu ƙulluttai biyu da ke bayan idanunta, sai ta bar ƙwan ta koma cin abinci ta ƙara kwana. A zurfin tekun Kalifoniya an bibiyi wata uwa da ta yi wata 53 kan ƙwanta, aka wallafa labarin a 2014.

Wanda ke kifar da jirgi

Ku mutanen Daura ba sai an yi muku dogon bayani kan ruwa da abin da ke tsare da shi ba. Rijiyar Kusugu na nan, da labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mutanen bakin teku su ma suna da nasu, kuma mafi shahara shi ne Kraken na masunta Norwe. Wani limamin kirista na birnin Bergen, Erik Pontoppidan, ya rubuta shi a shekarun 1750 a matsayin dabba mai girman tsibiri, wadda hannuwanta ke kai tsayin itacen jirgi, idan ta nutse ta ja jirage cikin guguwar ruwa. A farkon shekarun 1800 wani Bafaranshe, Pierre Denys de Montfort, ya yaɗa zanen ƙaton oktofus ya nannaɗe jirgi a gaɓar Angola, kuma kusan duk hoton da ke yawo a yau jikan wannan zanen ne. Mutanen Ainu na arewacin Japan suna da Akkorokamui, jan dodo mai hannuwa, a Hawayi kuma ana danganta oktofus da abin bautarsu na da, Kanaloa.

Labarin bai tashi a banza ba. Akwai ƙaton sukwid na gaske, Architeuthis. Masanin Denmak Japetus Steenstrup ne ya sa masa suna a 1857, bisa baki da guntayen da aka tsinta. A 1861 jirgin yaƙin Faransa mai suna Alecton ya ci karo da ɗaya kusa da tsibirin Tenerife, suka ɗaure shi da igiya, jikin ya tsinke suka tsira da guntun wutsiya. Mace takan kai mita 12 zuwa 13, amma fiye da rabin tsawon dogayen hannuwa biyu ne na farauta, sirara. Ba a samu hotonsa a raye a mazauninsa ba sai 2004, lokacin da wasu masana biyu, Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori, suka ɗauke shi a zurfin mita 900 kusa da tsibiran Ogasawara na Japan, bidiyo kuma sai 2012. Akwai wani nau'in sukwid da ya fi shi nauyi, yana tekun kudu mai ƙanƙara. A 2007 aka kama mai kilo 495 a tekun Ross, yana ajiye a gidan tarihi na Te Papa a Wellington ta ƙasar New Zealand, idonsa ya kai girman ƙwallon ƙafa.

Kilo 495 nauyin bijimin sa ne mai ƙiba. Ba ya kifar da jirgi. Kuma waɗannan dabbobi mazauna zurfi ne mai sanyi da duhu, wanda duk ya taso sama yawanci mara lafiya ne ko mai shirin mutuwa. Abin da ma'aikatan jirgi na da suka rinƙa gani shi ne gawa a bakin gaɓa, ko hannu mai kauri da wata dabba ta amayar, ko tabon ƙoƙon tsotsa zagaye-zagaye a fatar hutul anbar, babbar dabbar tekun da ke nutsawa ta ci sukwid. Wanda ya ga hannu kawai, shi zai ƙera sauran jikin a ransa, kuma tsoro ba ya auna abu da ƙarami. Af, turaren anbar na asali ma daga nan yake: baƙaƙen bakunan sukwid ba sa narkewa a cikin wannan dabba, sai hanjinta ya lulluɓe su da wani maiƙo, shi ake tsinta yana yawo a kan ruwa.

In ana neman mai kisa a dangin, ƙarami ne. Oktofus mai zoben shuɗi na gaɓar Ostireliya da kewayenta bai cika tafin hannu ba, amma yawunsa na da dafin tetrodotoksin mai shanye tsokar numfashi. Babu makarinsa, sai dai a riƙe wa mutum numfashi da na'ura har dafin ya fita.

Mai duban ƙwallo kuwa sunansa Paul, a wani gidan kifaye na Oberhausen a Jamus. A gasar 2010 ana saka masa akwati biyu masu tutar ƙasashe, kowane da abinci, wanda ya fara buɗewa shi ne zaɓinsa. Ya dace a wasa bakwai na Jamus da wasan ƙarshe da Sifen ta ci Holan. Ba wa yara lissafin su yi da kansu: rabi sau rabi har sau takwas, ɗaya cikin 256. Da wuya, amma dabbobi nawa aka gwada a gidajen namun daji a wannan shekarar waɗanda suka faɗi ba wanda ya ji labarinsu? Shi kansa Paul a gasar Turai ta 2008 ya kuskure biyu cikin shida. Ka sa aji su jefa kwabo sau takwas-takwas, kowa ya rubuta nasa, a maimaita 'yan zagaye, wataƙila ka ga an samu wani "boka" a cikinsu.

Na san wani zai tambaye ka ko ana ci. Ana ci sosai, Muritaniya da Maroko da Senegal na fitar da oktofus zuwa Turai da Japan, kuma masunta na kama shi da tulu: a jera tukwane a igiya a nutsar, shi da kansa zai shiga neman mafaka. A mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, Hanafiyya kuwa sun taƙaita ga kifi. Bayanin dalla-dalla na malaman fiƙihu ne, ba fagena ba.

Yadda za ka nuna musu da ido

Abin da ya fi kashe maganar aljani shi ne yaro ya taɓa da hannunsa. Sukwid ya fi oktofus sauƙin samu da sauƙin feɗewa. Ana samun daskararre a kasuwannin kifi na Legas da manyan kantunan Abuja masu sayar da kayan teku. Ka jaddada wa ɗan aike cikakke kake so, mai kai da hanji, tsawon santimita 20 zuwa 25, domin yawancin na kanti an riga an wanke an yanka shi zobe-zobe, wannan ba shi da amfani a aji. A kawo shi a kula da ƙanƙara. Idan ya narke a hanya aka sake daskarar da shi, kayan cikin kan dame su zama kunu. A ranar darasi a narkar da shi a ruwan sanyi, ba a rana ba. Ɗaya ya ishi ɗalibai huɗu zuwa biyar. Kayan aiki faranti, almakashi, ɗan hantsaki, gilashin ƙara girma da farar takarda. Yaron da cin ƙaguwa ko jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ya sa safar hannu ko ya tsaya kallo.

A fara da waje. Su ƙirga hannuwa: takwas gajeru, biyu dogaye masu ƙoƙuna a ƙarshe kawai, bambancinsa da oktofus ke nan. Su shafa ƙoƙon da yatsa, za su ji ɗan zobe mai haƙora wanda na oktofus ba shi da shi. Su duba ɗige-ɗigen fata da gilashi, jakunkunan rini ne. Sannan a kwantar da shi ɓangaren bututu na kallon sama, a zura almakashi ƙarƙashin bakin jakar jiki a yanka ta tsakiya har tsini, ana ɗaga fatar sama yayin yanka. Kuskuren da aka fi yi a nan ne: a danna almakashi ƙasa a huda jakar tawada, komai ya yi baƙi, darasi ya tashi.

Da an buɗe za a ga abu biyu kamar gashin kaza a dama da hagu, sassan numfashi ne. A gindin kowanne akwai ɗan ƙullutu fari-fari mai ɗan rawaya, bai fi ƙwayar wake ba, zukata biyu ke nan. Ta ukun tana tsakaninsu, lulluɓe da wani nama mai laushi, sai an ɗaga shi a hankali da hantsaki. Ka gargaɗe su tun da wuri cewa ba za su ga shuɗin jini ba, jinin mataccen da ya sha ƙanƙara ba shi da oksijin, don haka ba shi da launi. Idan akwai fararen ƙulluttai biyu manya a tsakiya da ƙananan ƙwai a can tsini, mace ce. A tsakiyar hannuwa a matsa da yatsa biyu, dunƙulen baki zai fito, a zare ɓangarorinsa biyu a haɗa su a ga yadda na ƙasa ke hawa kan na sama, saɓanin na aku. A tsaga ido a fito da ƙwayar, tauri gare ta kamar ɗan dutsen ado, a ɗora ta kan rubutu a ga ta ƙara masa girma.

Ka nuna musu kuma bangon jakar jiki ta ciki, inda jijiyoyi ke bazuwa kamar tauraro daga wuri biyu kusa da wuya. Cikinsu akwai zaren jijiya mai kaurin da ya kusa milimita ɗaya, ƙato ƙwarai idan aka gwada da namu. Saboda kaurinsa ne wasu masana biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka iya zura masa waya a Plymouth ta Ingila, suka gano yadda shigar sodiyam da fitar fotasiyam ke haifar da saƙon jijiya. Sun wallafa a 1952, suka samu kyautar Nobel a 1963. Allurar kashe zafi da likitan haƙori ke yi, ƙofofin da sodiyam ɗin nan ke bi ya shiga jijiya take toshewa.

Na ƙarshe shi ne siririn ɓawon. A kama tsininsa a bakin jakar ta ɓangaren baya a ja a hankali, zai zaro gaba ɗaya, garai-garai kamar roba. Sai a ɓanɓaro jakar tawada, doguwa ce mai ƙyallin azurfa kwance kan hanji, a ajiye ta a murfin kwalba a huda. Kowane ɗalibi ya tsoma tsinin ɓawon ya rubuta sunansa a takarda. Tawadar kan bushe ta koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma tana ƙarni kwana biyu, don haka kada su saka takardar cikin littafi sai ta sha iska.